Suna Linzami: Rumbunan Bincike da Sunayen Shan Inna

"Malam, na duba ko'ina, ba wanda ya yi rubutu a kan wannan batu." Duk wanda ya taɓa duba kundin digirin ɗalibi ya san wannan magana. In ka tambaye shi inda ya duba, sai ya ce intanet. In ka tambaye shi kalmar da ya rubuta, sai ya faɗi guda ɗaya tak. Nakan tausaya wa irin wannan ɗalibi, domin ba ƙarya yake yi ba, kuma ba ragwanci ba ne. Ya ƙwanƙwasa ƙofa ɗaya, ya kira suna ɗaya, bai ji an amsa ba, sai ya ɗauka gidan kango ne.

Abin ya fi tsanani ga mai binciken da ya haɗa lafiya da zamantakewa, domin batunsa ba na gida ɗaya ba ne. Likita ya yi rubutu a kai, masanin al'adu ya yi, lauya ya yi, masanin tarihi ya yi, kowa da sunan da yake kiran abin, kowa da inda yake ajiye rubutunsa. Shi ya sa nake ganin zaɓen wurin bincike, kafin ya zama aikin kwamfuta, aikin sanin suna ne: sunan ma'ajiyar, da sunan abin da ake nema a cikinta.

Rumbu ne ko fihirisa?

Abin da Turawa ke kira database mun saba ce masa rumbun bayanai. Sunan ya yi daɗin faɗa, kuma ya zauna a bakin 'yan jarida da malamai. Sai dai yana ɗauke da wani alkawari da ba kullum ake cika shi ba. Wanda ya buɗe rumbu yana sa ran ya ɗebo hatsi. Da yawa daga cikin waɗannan ma'ajiyoyi kuwa ba hatsin ke ciki ba, lissafinsa ne kawai: sunan marubuci, kan maƙala, mujallar da ta buga ta, shekara, sai tsakure. Cikakkiyar maƙalar tana wani wuri, wani lokaci sai an biya kuɗi.

Muna da sunan da ya fi dacewa da irin wannan, wato fihirisa. Kalmar ta zo mana ta hanyar Larabci, kuma kowane almajiri ya san ta a ƙarshen littafi ko farkonsa. Tun wajen shekarar 987 wani mai sayar da littattafai a Bagadaza, Ibn al-Nadim, ya tsara Al-Fihrist, inda ya jera littattafan da ya sani da marubutansu fanni-fanni. Aikin da MEDLINE da Scopus ke yi a yau jikan wannan aiki ne. Su fihirisa ne. JSTOR kuwa rumbu ne na gaskiya, domin sunansa ma taƙaitawa ce ta kalmomi biyu masu ma'anar ajiyar mujallu, kuma shafukan maƙalar kansu yake ba ka. An kafa shi a 1995 don ɗakunan karatu su huta da cunkoson tsofaffin mujallu. Saboda haka ya fi ƙarfi a tsohon zubi, kuma a mujallu da yawa fitowar 'yan shekarun baya-bayan nan ba ta shiga cikinsa sai bayan wani lokaci.

Akwai kuma ruɗani na biyu. Za ka ji ɗalibi ya ce, "Na duba EBSCO," ko "Na duba ProQuest." Wannan kamar mutum ne ya ce ya je Kasuwar Kurmi, bai faɗi rumfar da ya shiga ba. EBSCO sunan kamfani ne a jihar Alabama ta Amurka, an harhaɗa shi daga sunan mai shi, Elton B. Stephens. Dandalinsa kasuwa ce mai rumfuna da yawa, kuma kowace jami'a da rumfunan da ta biya wa haya. Ɗalibai biyu a jami'o'i biyu za su iya cewa sun duba EBSCO, alhali abin da suka gani ya sha bamban. Mai bincike na ƙwarai rumfar yake ambata, da ranar da ya shiga, da kalmomin da ya yi ciniki da su.

Kowane suna da dangin da suka raɗa shi

Hausawa sun ce suna linzami ne. In ka bi sunayen nan a hankali, za su kai ka gidan da aka haife su.

A 1879 wani likitan sojan Amurka, John Shaw Billings, ya fara buga Index Medicus, wato fihirisar likitanci, sunan kuma da Latin ne. Aka yi ta buga ta a takarda har 2004. A 1964 Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka ya ɗora wannan aiki a kan kwamfuta da sunan MEDLARS. A 1971 aka samar da hanyar tambayarta daga nesa, aka kira ta MEDLINE. PubMed kuwa ita ce ƙofar da aka buɗe wa kowa kyauta a 1997. Ka lura da gaɓar "med" da ke bin sunayen nan kamar tsagar gado. Likitoci ne suka gina gidan don likitoci. Mujallu sama da 5,000 da MEDLINE ke bi an zaɓe su ne da idon ilimin jiki da magani. Embase ma haka take, daga Excerpta Medica ta samo suna, wato tsakuren likitanci, asalinta ƙasar Holan, kuma ta yi fice wajen magunguna da mujallun Turai.

CINAHL ta fito daga wani gida daban. Harafin N da ke cikin sunan na aikin jinya ne, A da H kuma na sauran ma'aikatan lafiya da ke tallafa wa likita. Ma'aikatan laburaren wani asibiti a Glendale ta jihar Kalifoniya ne suka fara ta, aka soma buga ta a 1961. Mai neman abin da ungozoma ko ma'aikaciyar jinya ta gani a bakin gadon majiyyaci, da yadda iyali ke ɗawainiya da mara lafiya, nan ne zai fi samun biyan buƙata. PsycINFO ta ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ce, tushenta wata mujallar tsakure da aka fara a 1927. Can ake samun bincike a kan tsoro, da yarda, da ƙyama, da yadda mutum ke yanke shawara. Sociological Abstracts kuwa sunanta ya faɗi komai, tsakuren ilimin zamantakewa ne tun farkon shekarun 1950.

Sai manyan fihirisa biyu da ba su zaɓi fanni ba. Web of Science ta samo asali daga tunanin Eugene Garfield, wanda a 1964 ya fitar da fihirisar da ke nuna wane ya ambaci wane. Kalmar farko ta sunan na nufin saƙar gizo, kuma hoton ya dace: ka kama zare ɗaya, ya kai ka ga sauran. Malaman hadisi da ke bin isnadi ba za su ga baƙon abu a nan ba, sai dai wannan silsila gaba take tafiya, daga tsohuwar maƙala zuwa waɗanda suka zo bayanta suka jingina da ita. Scopus kuwa, wadda kamfanin Elsevier ya ƙaddamar a 2004, sunan wani tsuntsu aka ba ta, tsuntsun Afirka mai ruwan ƙasa da kai mai kama da guduma, wanda ke zama a bakin ruwa yana gina ƙatuwar sheƙa. Abin da ke damuna shi ne, sunan na tsuntsun Afirka ne, amma mujallun Afirka da suka sami shiga sheƙar kaɗan ne in aka kwatanta da waɗanda ake bugawa a jami'o'inmu.

Wannan giɓi ne ya haifar da sunaye masu ɗauke da Afirka a goshi. African Index Medicus ta ari tsohon sunan Billings ta ɗora masa nahiya, kuma ofishin Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Brazzaville ne ke kula da ita. AJOL, wadda aka fara a 1998 kuma mazauninta ke Afirka ta Kudu, ta tara mujallun Afirka sama da 500, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan mujallu a ciki. Hinari kuwa ba fihirisar wani fanni ba ce, mabuɗi ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara shirin a 2002 tare da manyan maɗaba'u, don cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta mujallu kyauta ko da kuɗi kaɗan. Cibiya ce ke yin rajista, kuma galibi mabuɗin yana hannun ma'aikacin laburare. Ɗalibai nawa ne suka gama digiri ba su taɓa tambayarsa ba? Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami da yunwa.

Cuta ɗaya, suna barkatai

Bari mu gwada duk wannan da batun da muka sani a gida. A ce ɗaliba na son ta gano dalilin da ya sa a 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa, har sai a watan Yulin 2004 Kano ta dawo da shi, da kuma yadda aka bi har aka shelanta kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka ran 25 ga Agustan 2020.

Sunan da ta tashi da shi a gida shi ne shan inna. Wannan suna bayani ne cikakke a kan musabbabi: Inna, wata aljana da aka sani a al'adar bori, ita ake cewa ta sha ƙafar yaro ko hannunsa har ya shanye. Sunan likitoci kuwa, poliomyelitis, shi ma bayani ne, amma na wani tunani daban. An haɗa shi daga kalmomin Girkanci masu nufin launin toka da ɓargo, domin cutar na lalata sashe mai launin toka na lakar gadon baya. Suna ɗaya na nuna wanda ya yi, ɗayan na nuna inda abin ya faru a jiki. Tsofaffin rubuce-rubucen Turanci kuma sun kira ta da sunan da ke nufin shanyewar jarirai, ma'aikatan sa ido a kan cututtuka su kuma suna bin ta da haruffan AFP, wato shanyewar gaɓa farat ɗaya.

In ɗalibarmu ta rubuta shan inna a PubMed, abin da za ta samu bai taka kara ya karya ba. In ta rubuta sunan likitoci, dubban maƙalu za su zubo, yawancinsu a kan ƙwayar cuta da ƙarfin rigakafi da alƙaluman yaɗuwa. Abin da take nema kuwa yana tsakanin biyun, wato me ya sa uba ya tsaya a ƙofar gida ya ce ba za a ɗiga wa ɗansa ba.

A nan ne ya kamata ta san MeSH. Wannan jerin kanun batutuwa ne da masu MEDLINE suka fara tsarawa a 1960, yanzu sun haura 30,000. Kowace maƙala ta shiga, sai a liƙa mata sunayen da aka amince da su daga jerin, ko da marubucin ya yi amfani da wasu kalmomi. Kamar sunan yanka ne da laƙabi: mutum na iya amsa Ɗanjuma a gida da Na-Allah a kasuwa, amma rajistar makaranta suna ɗaya ta sani. Wanda ya san sunan yanka zai tattaro duk maƙalun da ke kan batun a tashi ɗaya.

Sai dai sunayen yanka ma suna da ranar haihuwa, kuma na zamantakewa sukan makara. Kan batun da ke nufin ƙin karɓar rigakafi bai shiga MeSH ba sai 2017. Wanda ke nufin ɗari-ɗari da rigakafi sai 2022, bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta sa shi cikin manyan barazana goma ga lafiyar duniya a 2019. Wanda ke nufin yanayin rayuwa da ke haifar da lafiya ko cuta, irin su talauci da muhalli da ilimi, sai 2014, alhali kwamitin da Michael Marmot ya jagoranta ya fitar da rahotonsa a kai tun 2008. Ba a cika komawa baya a sauya wa tsofaffin maƙalu suna ba. Ke nan duk wanda ya nemi rikicin 2003 da sunan da aka raɗa a 2022 kaɗai, zai tsallake rubuce-rubucen waɗanda suka shaida abin da idonsu. Dole ta haɗa sunan yanka da laƙabobi: ƙauracewa, jita-jita, rashin yarda, turjiya, kowanne da takwarorinsa a harshen da aka yi rubutun.

Kalmar da aka zaɓa ma tana nuna ɓangaren da aka tsaya. Ma'aikacin rigakafi yakan rubuta cewa gida kaza bai ba da haɗin kai ba. Masanin al'adu yakan tambayi abin da ya sa mutanen da ba su sami maganin zazzaɓi a asibiti ba suka yi mamakin ganin ana bin su gida-gida da wani magani kyauta. Wanda ya yi bincike da kalmar ma'aikacin kaɗai, ra'ayin ma'aikacin kaɗai zai ji.

Ga inda amsoshin suka watse. Maƙalar Ayodele Jegede ta 2007 a kan musabbabin ƙauracewar ta fito a PLoS Medicine, mujallar likitanci, PubMed za ta kawo ta. Ta Maryam Yahya, ita ma ta 2007, ta fito a African Affairs, mujallar siyasa da tarihin Afirka, wadda ta fi kusa da mai shiga JSTOR ko fihirisar kimiyyar zamantakewa. Aikin Elisha Renne na 2010 a kan siyasar shan inna a Arewacin Nijeriya, wanda ta gina a kan bincikenta a Zariya, littafi ne sukutum, kuma fihirisar mujallu ba ta cika damuwa da littattafai ba. Shi sai a kataloji, ko na laburaren jami'a ko WorldCat. Gwajin maganin Trovan da aka yi a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, wanda mutane da yawa suka riƙa tunawa da shi a 2003, ya kai har kotunan Amurka, don haka mujallun shari'a ma sun tattauna shi. Gidaje huɗu ke nan, batu ɗaya.

Tarkon sunan ƙasa da na harshe

Ko sunan wuri ma yana da nasa tarko. Rubuta Niger a fihirisar likitanci, sai ga maƙalu a kan wani naman gwari mai suna Aspergillus niger, domin kalmar a Latin baƙi take nufi, ga kuma na yankin Neja Delta. Rubuta Kano, sai ga marubutan ƙasar Japan masu wannan suna. Rubuta Hausa, sai ka rasa waɗanda suka rubuta Haoussa da Faransanci.

Wannan na ƙarshe ba ƙaramar asara ba ce. Abin da ke faruwa a Katsina da Daura ba ya tsayawa a kan iyaka, yana ƙetarawa Maraɗi da Damagaram. Cibiyar LASDEL da ke Yamai, wadda aka kafa a 2001, ta yi zurfin bincike a kan mu'amalar ma'aikatan asibiti da majiyyata, kuma yawancin aikin da Faransanci yake. Irin wannan sai a Cairn ko Persée ko OpenEdition, ko a shafin cibiyar kanta. Mai binciken ƙasar Hausa da ya tsaya a Turanci kaɗai ya duba rabin gida ne.

Sai kuma ƙananan kalmomi uku da ake haɗa tambaya da su, AND da OR da NOT, waɗanda aka gada daga lissafin George Boole na tsakiyar ƙarni na 19. Suna yaudarar mai jin Hausa, kamar yadda suke yaudarar mai jin Turanci. A kasuwa in ka ce a ba ka gero da dawa, kayanka ƙaruwa suke yi. A fihirisa kuwa AND rage kaya take yi, domin sai maƙalar da ta haɗa duka biyun za ta fito. OR ce mai ƙarawa. Don haka laƙabobin abu ɗaya da OR ake jera su, batutuwa daban-daban kuma da AND ake ɗaure su: duk sunayen cutar a dami ɗaya, duk sunayen turjiya a na biyu, duk sunayen wurin a na uku.

Lafiya ba ta rabu da jama'a ba

Turawa sun daɗe suna neman sunan da zai haɗa fannin lafiya da na zamantakewa. Har mujalla aka kafa a 1967, Social Science & Medicine, don ta zama mahaɗa, kuma a cikinta ne Murray Last ya buga nazarinsa na 1981 a kan yadda mutanen yankin Malumfashi ke neman magani. Mu kuwa kalmarmu ta riga ta haɗa su. Lafiya, wadda muka aro daga Larabci, ita ce ta jiki, ita ce ta zaman lafiya, ita ce ta sauka lafiya, ita ce muke tambaya a kan gida da iyali da gari. Lewis Wall, wanda ya zauna a wani ƙauyen ƙasar Katsina ya rubuta littafi a kan magungunan Hausawa a 1988, ya ba wannan kalma muhimmanci ƙwarai. Bahaushe bai taɓa ɗaukar lafiya a matsayin harkar asibiti kaɗai ba. Ɗakunan karatu ne suka raba ta gida-gida saboda sauƙin ajiya.

Shi ya sa ba na yarda a kira binciken da ya ratsa fannoni gamin gambiza. Gamin gambiza shi ne tara abubuwan da ba su da dangantaka. Wannan kuwa mayar da 'yan uwa ne gida ɗaya bayan an rarraba su. Yana zama gamin gambiza ne kawai in mai binciken ya kwaso duk abin da Google Scholar ta zubo masa ba tare da ya san daga wane gida kowanne ya fito ba. Google Scholar, wadda ta fito a 2004, tana da amfani wajen lalubo kundin digiri da rahotanni, amma ba ta bayyana jerin mujallun da take bi, kuma ba ta da sunayen yanka irin na MeSH. A fara da ita ko a ƙarasa da ita, amma kada a tsaya a kanta.

Kuma akwai abin da babu fihirisar ƙetare da za ta nuna: kundayen digiri da ke jere a Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello da na Jami'ar Bayero, da takardun Gidan Arewa da na Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, da rahotannin ma'aikatun lafiya. Wasu kundayen da Hausa aka rubuta su, kuma a cikinsu ne shan inna ke amsa sunanta na gida.

Shawarata ga ɗalibi ita ce, kafin ka taɓa kwamfuta ka ɗauki takarda. Rubuta duk sunan da batunka ke amsawa: na gida, na asibiti, na da, na yanzu, na Turanci, na Faransanci. A gaban kowane suna rubuta masu kiransa da shi. A gaban waɗannan kuma rubuta inda suke ajiye rubutunsu. Za ka ga da wuya su gaza huɗu: fihirisar likitanci ɗaya, ta zamantakewa ɗaya, ta gama-gari mai bin silsilar ambato ɗaya, ta Afirka ɗaya, sai katalojin littattafai a gefe. Daga nan ka ɗauki takardar ka kai wa ma'aikacin laburarenku, ka tambaye shi rumfunan da jami'arku ta kama, domin matambayi ba ya ɓata.

Ga malamanmu na sashen Hausa da na kiwon lafiya kuma ina da roƙo. Ku zauna tare ku tsara mana jerin sunayen cututtuka na Hausa da takwarorinsu na asibiti, da bayanin inda suka dace da inda suka saɓa, irin su shawara, da rana, da yoyon fitsari, da yankan gishiri. Ku sa mujallunmu su riƙa ɗaukar waɗannan sunaye cikin fitilun kalmominsu, ku kuma ɗora kundayen ɗalibanku inda za a gan su. Sunan da ba mu rubuta a fihirisa ba, ba wanda zai rubuta mana shi.